Neman shawara: ina gwamnati ke ba ƙananan kamfanonin fasaha kuɗin bincike?

Sani, Garwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu uku ne, mun gama karatu a Jami'ar Ngaundare, muna da ɗan shagon haɗa sola a nan Garwa. Mun ƙera wata na'ura mai aiki da hasken rana, tana auna zafi da laima a rumbun albasa, ta kunna fanka, ta aika wa mai rumbu saƙo a waya idan kaya na shirin ruɓewa. Kun san yadda manoma ke sayar da albasa a wulaƙance lokacin kaka don tsoron asara. Mun gwada ta a rumbun kawuna ta yi aiki, amma gwaji ɗaya ba hujja ba ce, kuma aljihunmu ya ƙare. Na karanta cewa a Amurka akwai shirin SBIR da ke ba ƙananan kamfanoni kuɗin bincike kyauta. Za mu iya nema? In ba haka ba, wace ƙofa za mu ƙwanƙwasa a Kamaru? Ba ma son rancen banki mai ruwa.

Malam Hamadu, Marwa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, cire ranka daga SBIR. An kafa shi a 1982 don kamfanonin Amurka, kuma sharaɗi ne 'yan ƙasar ko mazaunanta na dindindin su mallaki fiye da rabin kamfanin. Amma akwai abin koyi a ɗan'uwansa STTR na 1992: ba a ba kamfani kuɗin sai ya haɗa kai da jami'a ko cibiyar bincike. A nan ma kusan haka lamarin yake ko da ba a rubuta ba. Kuɗin bincike yana bin cibiyoyi, da wuya ya bi shago. Tunda aikinku na albasa ne, ku nemi IRAD, cibiyar binciken noma da ke ƙarƙashin MINRESI, ma'aikatar binciken kimiyya da ƙirƙira. Tana da babbar cibiya a Marwa, tana kuma aiki a Garwa. Ku sami mai bincike guda da zai yarda a gwada na'urar tare, ya tsara yadda za a auna: rumbu mai na'ura, rumbu marar na'ura, buhu nawa aka zuba, nawa suka fito lafiya bayan wata uku ko huɗu. Wannan takardar ita ce jarinku na gaskiya. Duk inda kuka kai dosiye, abin da za a fara tambaya ke nan, kuma sa hannun mai bincike ya fi rantsuwar kawunku nauyi a wurinsu. Kada ku manta da malamanku na ENSAI da IUT, makarantun fasaha na Jami'ar Ngaundare, ko makarantar Polytechnique ta Marwa. Ɗalibi mai neman batun kammala karatu zai iya yi muku rabin aikin awon.

Hajiya Asabe, Ngaundare: Ɗana, kamfanin naku yana da rajista? Ba ka faɗa ba.

Sani, Garwa: A'a Hajiya, shago ne kawai.

Hajiya Asabe, Ngaundare: To daga nan za ku fara. Ku je CFCE, ofishin rajistar sababbin kamfanoni, ku buɗe SARL, wato kamfanin da bashinsa ba ya taɓa dukiyar masu shi sai jarin da suka zuba. Tun dokar 2016 mafi ƙarancin jari sefa 100,000 ne. Za ku fito da lambar rajistar kasuwanci da lambar haraji, sannan ku buɗe asusun banki da sunan kamfanin. Ku rubuta kason kowa tun yanzu da babu kuɗi, zumunci na da daɗi. Bayan haka ku leƙa APME, hukumar tallafa wa ƙanana da matsakaitan kamfanoni, su duba muku tsarin kasuwancin.

Bello, Yawunde: In shekarunku ba su wuce 35 ba, akwai shirin matasa na musamman da Shugaba Paul Biya ya sanar a Fabrairun 2016, na sefa biliyan 102. Cikin fannoninsa akwai noma, tattalin arzikin dijital da ƙirƙira, kun ga kun shiga ta ko'ina. Ana yin rajista da ONJ, ofishin rajistar matasa na ƙasa, ana bi ta cibiyoyin matasa na CMPJ. Sai dai Sani, tunda ka ce ba ka son ruwa, ka tambaya ƙarara kafin sa hannu: wane kashi ne kyauta, wane ne za a mayar, kuma da wane sharaɗi. Mutanenmu na jin "tallafi" su ɗauka sadaka ce, alhali wani rance ne. BC-PME ma banki ne, bashi yake bayarwa. Ga kuma gasa: baje kolin JERSIC na MINRESI, da makon ƙirƙirar dijital na ma'aikatar sadarwa. Arthur Zang, ɗan Kamarun da ya ƙera na'urar auna zuciya ta Cardiopad, ya ci kyautar Rolex a 2014, kuma irin wannan fitowa ce ke sa masu kuɗi su san da mutum.

Malam Hamadu, Marwa: Ban yarda a garzaya baje koli ba tukuna, Bello. In ka bayyana sirrin ƙirarka a bainar jama'a kafin ka nemi kariya, kana iya rasa haƙƙinka. Su fara kai takarda OAPI, hukumar kare haƙƙin ƙirƙira ta ƙasashen Afirka, hedkwatarta na nan Yawunde kusa da kai. Rajista ɗaya tana aiki a ƙasashe 17, har da Cadi da Nijar, kuma Nijar gidan albasa ce. Najeriya ba ta ciki, wannan sai an nema daban.

Musa, Kusiri: Ni gargaɗi ne nawa. Wani ya taɓa karɓar kuɗina wai zai tura dosiyena a sama, har yau shiru. Duk wanda ya ce ka ba shi kaso kafin a saki kuɗi, ka guje shi. Ka kai takardarka da hannunka, ka karɓi rasit mai hatimi, ka ajiye kwafi.

Sani, Garwa: Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Za mu fara da CFCE ranar Litinin in Allah ya yarda, sannan mu nemi IRAD kafin a fara cire albasa, don awon ya kama tun ranar zubi. Yaya Bello, don Allah ka tambayo mana takardun da OAPI ke buƙata da kuɗin da ake biya. Malam Hamadu, wasiƙar neman haɗin gwiwar, shugaban cibiya za mu rubuta wa ko mai binciken kai tsaye?

Malam Hamadu, Marwa: Ku fara ganin mai binciken ido da ido, da na'urar a hannu. In ya gamsu, shi zai gaya muku yadda za ku rubuta wa shugaban. Turo mini daftarin in gyara muku Faransancin.