Bashin dangi na neman cinye mini butiki, yaya zan yi?

Ɗan Tawa Mai Butiki:
Assalamu alaikum jama'a. Shekara 7 na yi ina ci-rani a Abijan, ina dako a kasuwa, har Allah Ya sa na tara jika 900, wato sefa dubu 900. A 2022 na dawo Tawa na kama shago kusa da gidanmu, na zuba shinkafa, mai, sukari, taliya, sabulu da Maggi. Yawancin kayan daga Konni nake ɗauko su. Da aka rufe iyaka a 2023 na ji jiki, kaya suka yi tsada, amma na daure. Abin da ke neman karya ni yanzu bashi ne.

Daren jiya na haɗa abin da ke littafi, jika 143 ke hannun mutane. Kuma ba baƙi ba ne. Gwaggona ce, da mijin ƙanwata, da abokin da muka yi makarantar allo tare, da maƙwabcin da ya tsaya mini ranar sunan ɗiyata. Sai a aiko yaro, "wai a ba da tiya biyu ta shinkafa, a rubuta." To yaya zan ce wa yaron Gwaggo babu, alhali ga buhu a buɗe yana kallo?

Wallahi ba na son rufe wurin nan. Tun da na buɗe shi a ɗakina nake kwana, ni ke kai yarana makaranta da safe, kuma ranar da tsohuwata ta kwanta ciwo ina kusa da ita, ba a waya aka gaya mini ba. Amma satin nan rabin sarin da na saba yi kawai na iya. Ku da kuka riga ni, yaya kuka yi?

Hajiya Mai Ƙanƙara, Yamai:
Ƙanena, na san wannan ciwon. Ƙanƙara da zoɓo nake sayarwa a Bukoki, firijo biyu gare ni. Lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya a 2023, jarina narkewa ya riƙa yi ina kallo, waɗanda nake bi kuwa babu wanda ya leƙo. Daga nan na ware gwangwani guda. Kullum da dare in sa dala ɗari, wato sefa 500, a ciki, wannan na zumunci ne. Ɗan'uwa ya zo da buƙata, daga nan zan ba shi, kyauta, ba na rubutawa. In ya ƙare in ce ya ƙare, kuma ban yi ƙarya ba. Gwaggonka ba bashi take ci ba, taimako take nema, ka daina sa ta a littafi.

Tsohon Ɗan Katako:
Ɗana, shekara 30 ina sayar da katako da kwano, bari in tambaye ka. Cefanen gidanka daga ina yake fita? Na tabbata daga kanta ake ɗiba ba lissafi. In haka ne, kai ne babban mai cin bashin butikin nan, ba mijin ƙanwarka ba. Ka yanka wa kanka albashi, ko sabulu maiɗakinka ta aiko a ɗauka a biya.

Sannan bashi iri-iri ne. Ma'aikaci ƙarshen wata yake biya, manomin gero sai kaka, mai albasa irin na Galmi sai ya cire ya sayar. Ka san ranar kowa kafin ka auna masa, ka faɗi ranar a gabansa, ka rubuta yana gani. Kada ka ji kunyar wannan. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Wanda bai biya na farko ba, kada ka ƙara masa na biyu. Zai yi fushi, ya daina gaishe ka kwana biyu, amma ranar salla zai miƙo maka hannu.

'Yar Madawa:
Yaya, ka shiga adashe mana. In kana zubi kowace Juma'a, kuɗin ba ya kwana a aljihu, kuma in ka ce "na kai zubi" kowa zai gane.

Ɗan Tawa Mai Butiki:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Baba Alhaji, maganarka ta taɓa ni, don gaskiya ce, ban taɓa rubuta abin da gidana ke ɗauka ba. Yau na fara, kafin azahar har ya kai jika 2 da rabi. Hajiya, na soke sunan Gwaggo daga littafi, jika 11 ne, na yafe. Mijin ƙanwata shi ne mai 40, shi nake jin nauyi. Na yi niyyar in same shi gida bayan isha'i, mu biyu kawai, in roƙe shi ya riƙa kawo jika 5 duk wata.