Neman sunan Hausa ga kyamarar da ke kawo tsuntsun nesa kusa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sha'awar ɗaukar hoton tsuntsaye da namun daji. Akwai wani nau'in kyamara da ya fara shiga hannun mutanenmu a nan ƙasar Hadeja, wanda har yau ba mu tsayar masa da suna ɗaya ba, kuma rashin sunan yana jawo asara, domin mutum yakan aika da kuɗinsa Kano a sayo masa ita, sai a kawo masa wata daban saboda ya kasa faɗin ainihin abin da yake so. Turawa suna ce mata bridge camera, idan kuma ƙarfin jawowarta ya kai matuƙa sai su ƙara mata superzoom. Ina neman mu tsaya a kan kalmar da masunci a dausayin Baturiya da ɗalibi a Dutse za su ji su gane ba tare da an yi musu dogon bayani ba. A tattaunawar da muke yi kan sunan, Malam da Yaya sun kawo nasu shawarwari, ƙanwata kuma ta yi tambaya, zan amsa musu ɗaya bayan ɗaya.

Ga siffarta, domin kada mu raɗa wa abin da ba mu sani ba suna. Jikinta irin na manyan kyamarorin ƙwararru ne, da mariƙi mai cika hannu da 'yar tagar leƙe da ake kanga wa ido, amma madubinta a dashe yake, ba a cire shi a sa wani. Wannan madubi guda shi ne zai ɗauko maka faɗin fadama gaba ɗaya da itatuwanta, sannan ka tura ɗan makunnin da ke kusa da yatsanka, hancin kyamarar ya riƙa miƙewa a hankali har sai kan zalɓen da ke tsaye a can ƙetaren ruwa ya cika allon. Nikon P900 da ta fito a 2015 tana tashi daga kwatankwacin milimita 24 zuwa 2000 a ma'aunin tsawon madubi, inda ƙaramar lamba ke nufin faɗin gani, babba kuma kai wa nesa, wato ninki 83. P1000 ta 2018 ta kai 3000, ninki 125, nauyinta kuma ya kusa kilo ɗaya da rabi. Canon SX70 tana da ninki 65, Panasonic FZ80 kuma 60.

Allah gafarta Malam, na ga shawararka cewa mu bi asalin kalmar mu ce kyamarar gada, tunda abin da Turawa ke nufi shi ne ta haɗa tsakanin ƙaramar kyamarar aljihu da babbar da ake sauya wa madubi. Ma'anar da ka kawo daidai take, amma da izininka ina ganin sunan ba zai zauna ba, kuma dalilin yana cikin sana'ar tamu kanta. A rubuce, gadar da mota ke hawa da gadar da ke gudu a daji harafinsu ɗaya ne, karin sauti ne kawai ya raba su, shi kuwa ba ma sa masa alama a rubutun yau da kullum. Wanda ya karanta cewa wani ya shiga dajin Falgore da kyamarar gada neman namun daji, abin da zai fara zuwa masa shi ne kyamarar da aka yi musamman domin ɗaukar wannan 'yar dabba, ko kuma irin wadda ake ɗaurewa a jikin itace ta ɗauki duk abin da ya gifta. Da a ce a harkar gine-gine muke da ruɗanin bai taso ba, amma mu a harkar dabbobi muke. Kadarko da wani ya kawo a madadinta ya kauce wa wannan matsala, sai dai shi ma bai gaya wa mai saye komai game da aikin na'urar ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi a wurina. Sunan Turancin ya samo asali ne daga yadda kasuwarsu ta jera kayanta, ƙarama a nan, babba a can, wannan a tsakiya. Mu ba mu bi ta wannan jeri ba. Mafi yawan matasanmu daga waya suka fara hoto, ba su taɓa riƙe kyamarar aljihu ba, saboda haka idan ka ce musu ta tsakiya ce, za su tambaye ka tsakiyar me da me. Wannan ne ya sa ban goyi bayan kyamarar tsaka-tsaki ba, ga shi kuma kunnen Bahaushe yana iya ɗaukar tsaka-tsaki a matsayin abin da ba shi da kyau sosai, ba shi da muni sosai, alhali a wajen kai wa nesa ba ta da tsara a cikin abin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya saye.

Yaya, kai da ka daɗe kana hoton biki da suna a kasuwannin yankin nan ka ce ku dai mai hangen nesa kuke ce mata. Na yarda sunan yana da daɗin faɗa, kuma kowa zai fahimci inda aka dosa. Abin da ya hana ni karɓarsa shi ne mun riga mun ba da shi ga madubin hangen nesa mai ido biyu, wanda duk mai kallon tsuntsaye yake ratayawa a wuya, kuma sau da yawa mutum ɗaya yakan fita da su biyun a rana ɗaya. Idan ka ce wa yaro ya miƙo maka mai hangen nesa a cikin kwalekwale, dole ya tsaya tambaya, kafin nan kuwa dinyar ta tashi. Haka nan mai cin dogon zango, wanda gidajen rediyo suka riga suka saba mana da shi a labarin makamai, kuma ya fi dacewa da dogayen madubban da ake ɗaura wa manyan kyamarori, waɗanda nesa kawai suka sani, ba sa komowa kusa.

Abin da nake gabatarwa shi ne zuƙo-nesa, a cike kuma kyamarar zuƙo-nesa. Ban ƙirƙiri aikatau ɗin ba. Duk wanda ya zauna da matasa suna kallon hoto a waya ya ji ana cewa a zuƙo fuskar a gani, kuma zuƙo ya riga ya ɗauki ma'anar jawo abu zuwa gare ka a hankali ba tare da ka motsa daga inda kake ba, wanda shi ne ainihin abin da hannu da ido ke ji yayin da hancin kyamarar ke miƙewa. Ginin kalmar ma na gida ne, aikatau a gaba, abin da aikin ya faɗa wa a baya, irin ginin dafa-duka da hana-salla da amsa-kuwwa, ita amsa-kuwwar ma na'ura ce da aka ba suna ta wannan hanya kuma ya bi ta. Mun kuma saba da cewa nesa ta zo kusa, don haka kunne ba zai ji baƙunta ba.

Ƙanwata, tambayarki ita ce ta fi kowace ƙarfi, cewa tunda waya ma tana zuƙowa, me zai hana a ɗauka duk abu ɗaya ne. Zuƙo iri biyu ne, kuma ya kamata mu raba su da suna tun yanzu. Idan kika buɗa yatsu biyu a kan allon waya, a mafi yawan lokaci ba a ƙara komai ba, an yanki tsakiyar hoton ne an faɗaɗa shi, shi ya sa yake dusashewa, wannan sai mu kira shi zuƙon faɗaɗawa. Na kyamarar da muke magana a kai kuwa gilasai ne a jere a cikin hancinta suke matsawa gaba da baya, su kawo hoton tsuntsun da girmansa tun kafin ya sauka, wannan shi ne zuƙon madubi. Bambancin yana bayyana ne a kan kirinjijiya. Garke yana kwance a bakin ruwa da hantsi, a waya ɗigo-ɗigo ne masu duhu, amma a zuƙon madubi za ki ga farar fuskar da baƙin ƙeya da jajayen gashin ƙirji, har ki tabbatar ita ce, ba 'yar uwarta mai ruwan ƙasa da ba ta da farar fuska ba. Kalmar nesa da ke cikin sunan ita ce ke nuna cewa ba zuƙon wasa ake nufi ba.

A nan ina so in daɗe kaɗan, domin suna mai kyau bai kamata ya yi wa mai saye alkawarin da na'urar ba za ta cika ba, kuma abin da ya ƙara sa na fi son zuƙo-nesa ke nan: nisa kawai ya ambata, bai ce komai game da haske ko tsabtar hoto ba. Dalilin da ya sa madubi mai kai wa 3000 ya shiga jakar hannu shi ne sansar kyamarar, wato ɗan allon da haske ke sauka a kansa a ciki, ƙarama ce ƙwarai, kimanin milimita 6 da 4 da rabi, alhali ta manyan kyamarori 36 da 24 ce, girman filinta ya ninka wancan kusan sau talatin. Ainihin tsawon madubin P1000 milimita 539 ne, ƙanƙantar sansar ce ta sa yake ba da gani irin na 3000. Ladan wannan dabara shi ne sauƙin nauyi da sauƙin kuɗi, harajinta kuma haske ne, domin mai tarbar ruwan sama da ƙoƙo ba zai tara abin da mai baho ya tara ba. Ga shi kuma ƙofar hasken tana tsukewa idan an zuƙo har ƙarshe, ta koma f/8 a wannan kyamara, lambar da girmanta ke nuna tsukewar ƙofar. Saboda haka da asuba kafin rana ta fito, ko a ƙarƙashin inuwar kurmi, hoton yakan fito da tsaki-tsaki, gashin tsuntsun ya cakuɗe, tsuntsu mai tashi kuma yakan gagara domin yana buƙatar ƙiftawa, wato buɗewa da rufewar kyamarar yayin ɗauka, ta kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ko wadda ta fi haka sauri. Sony RX10 IV ta 2017 ta zaɓi wata hanya, ta tsaya a 600 da sansa mafi girma, ta fi sauri da tsabta amma ba ta kai wa inda waɗancan ke kaiwa, kuma a ganina ita ma sunan ya shafe ta.

Lambar ninkin ma tana ruɗar mutane. Ninki 125 ba yana nufin abu zai girma sau 125 a kan yadda ido ke ganinsa ba, rabon 3000 ne da 24, wato tazarar da ke tsakanin mafi faɗin gani da mafi tsawonsa. Idan aka auna da ganin ido, abin bai wuce kamar sau 60 ba, wanda duk da haka ya yi wa madubin hangen nesa mai ninki 8 ko 10 fintinkau.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci a kanta. Lokacin da agwagin ruwa da sauran tsuntsayen Turai ke sauka a dausayin Hadeja da Nguru shi ne lokacin hunturu, wato lokacin hazo, kuma madubi ba ya share ƙurar da ke tsakaninka da tsuntsu, zuƙo ta yake yi tare da shi. Idan rana ta take, kawalwalniya ce ke rawa a kan ruwa, duk abin da ya yi nisa ya narke. Sa'o'in hantsi da na bayan la'asar su ne nata. A ƙarshen zuƙo ko bugun zuciyarka yana girgiza hoton, don haka a jingina gwiwar hannu a gefen kwalekwale ko a kan kututture, a riƙe numfashi, a danna a hankali. Idan tsuntsu ya ɓace daga allo, kada a yi ta lalube, akwai maɓalli a gefen madubin Nikon da Canon da ke mayar da gani baya na ɗan lokaci, ka gano shi a cikin kacalla, ka saki ya komo inda yake. Dasasshen madubin kuma alheri ne a ƙasar ƙura, tunda ba a buɗe cikin kyamarar a fili, ko da yake hancin mai shiga da fita yana buƙatar a goge shi kafin a mayar. Babban amfaninta a wurina shi ne ba sai ka matsa wa tsuntsu ba. Baturiya ta shiga jerin dausayoyin Ramsar, wato dausayoyin da duniya ta amince da muhimmancinsu, a 2008 saboda waɗannan halittu, kuma wanda zai iya ɗaukar tsuntsuwa a kan sheƙarta daga nesa ba shi da hujjar tayar da ita daga kan ƙwanta. Gauraka da ta yi wuyar gani a yanzu, idan Allah ya sa wani ya ci karo da ita, hoto ɗaya daga nesa ya isa shaida.

Allah gafarta Malam, na karɓi gyaranka na ƙarshe game da jinsi da jam'i. Tunda kyamara mace ce, sunan zai bi ta, mu ce zuƙo-nesa ce, zuƙo-nesar ta yi nauyi, a jam'i kuma mu bar haɗaɗɗiyar kalmar yadda take mu ce kyamarorin zuƙo-nesa. A rubutun da ke buƙatar cikakken bayani, kamar takardar sayen kaya ta makaranta ko ta ma'aikatan gandun daji, a rubuta kyamarar zuƙo-nesa mai dasasshen madubi a karon farko, domin ta bambanta da babbar kyamara da aka ɗaura wa dogon madubi, daga nan a ci gaba da gajeren sunan. Yaya ya ce zai gwada shi a bakin abokan sana'arsa ranar kasuwa, ni kuma zan faɗa wa masu tuƙa mu a ruwa in ji ko harshensu zai ɗauka ba tare da na maimaita ba. Sansa da 'yar tagar leƙe da ƙiftawa na yi amfani da su ne a nan domin magana ta tafi, ba mu yanke hukunci a kansu ba tukuna, kuma sansa ce nake so mu ɗauka a zama na gaba.