Neman shawara: wane ɗaki zan kama mana ni da Mama a jirgin ruwa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar jiragen ruwa na yawon shaƙatawa. Zan raka mahaifiyata tafiyar mako guda a Bahar Rum, daga birnin Basalona na ƙasar Sifen a bi gaɓar Faransa da Italiya a dawo. Ta daɗe da burin ganin teku, ba na so abin ya zame mata wahala. Tana fama da ciwon gwiwa, sannan ko a mota in hanya ta yi nisa jiri kan ɗebe ta.

Ɗakuna uku ne a gabana. Akwai na ciki marar taga, shi ne mafi araha. Akwai mai taga a hawa na ƙasa, tsakiyar jirgi. Sai mai baranda can sama wajen goshin jirgi, wanda zuciyata ta fi kwanta masa, don ina hango Mama zaune tana shan iska. An kuma ce in na bari kamfani ya zaɓa mana ɗaki za a rage kuɗi. Don Allah wanne ya fi?

Wani dattijo a zauren:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka da wannan hidima. Kafin ki duba irin ɗaki, fara duba inda yake a jikin jirgi. Ki ɗora sanda a kan yatsa ki karkaɗa ta: bakunan biyu ne ke sama da ƙasa, tsakiyar kuwa kusan a tsaye take. Haka jirgi yake a kan igiyar ruwa. Goshi ya fi ko'ina tashi da faɗuwa, kuma duk hawan da kika ƙara sama, tangaɗin gefe da gefe na ƙaruwa. Manyan jiragen yanzu suna da fikafikai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗin gefe, amma ba sa hana goshi dukan ruwa. To ɗakin da ranki ke so ya haɗa abu biyun da mai jiri ke gudu, ga sama ga gaba. Da ni ne, mai tagar nan na tsakiya zan kama ba tare da dogon tunani ba.

Na cikin kuma ki bar shi. Jiri na zuwa ne in kunnen ciki yana jin motsi alhali ido na ganin bango a tsaye. In Hajiya ta samu taga ta kafa ido a inda sama ta haɗu da ruwa, abin kan lafa.

Wata 'yar uwa:
Baba ya faɗi gaskiya kan goshin jirgi, amma ni ban yarda a yar da baranda gaba ɗaya ba. Tagar waɗannan ɗakunan ba ta buɗuwa, gilashi ne a rufe ruf. Mai tashin zuciya kuwa iska take so a fuskarta nan take, ba sai ta taka doguwar hanya zuwa saman jirgi ba. Yaya, ki tambaya ko akwai mai baranda a tsakiya, a hawa mafi ƙasa da baranda ke farawa. Sai dai ki kula, a daidai wajen ne ake rataye kwale-kwalen ceto, wasu ɗakunan su kan tare musu gani. Kamfani kan rubuta hakan a bayanin ɗakin, ki karanta da kyau.

Dattijon ya sake cewa:
In aljihu zai ɗauka, ba laifi. Amma a duba hanyar. Tafiyar Bahar Rum kusan kullum jirgi na tashar wani gari da rana, tafiyar dare ake yi, kuma da bazara ruwan ba ya cika hauka. Baranda ta fi biyan kuɗinta a wurare irin su Alaska ko mashigan ruwan Norwe, inda duwatsu da ƙanƙara ke wucewa ta gabanka yini guda.

Wani da ya yi aiki a jirgi:
Anti, bari in taɓo maganar gwiwa, don ita ce aka fi mantawa. Waɗannan jiragen dogaye ne fiye da yadda hoto ke nunawa. Jirgin Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 tsawonsa ya kai kusan mita 365, kuma ko matsakaitan ma da yawa suna kusantar mita 300. Wanda ɗakinsa ke can ƙarshe, duk fitar da zai yi sai ya sha tafiya a siririn lungu, safe da rana da dare. Ki nemi ɗaki kusa da lif na tsakiya, amma a bar ƙofa huɗu ko biyar tsakani saboda hayaniyar masu jira.

Sannan ki buɗe taswirar jirgin hawa-hawa, tana shafin kamfani a intanet. Ki duba abin da ke saman ɗakin da abin da ke ƙasansa. In wurin ninkaya ne a sama, tun asuba ma'aikata za su fara jan kujeru a kanku. In zauren kiɗa ko madafa ce, dare ne zai gagara. Ɗakin da ke da ɗakunan kwana sama da ƙasa shi ne mai shiru. Can ƙasa ta gaba akwai ƙarar anga, wato ƙugiyar da ake saki don tsayar da jirgi, da injinan da ke tura jirgi gefe lokacin shiga tasha, ta baya kuma akwai girgizar farfela. Ki guji mai ƙofar da ta haɗa shi da maƙwabci, sauti na ratsa ta.

Batun barin kamfani ya zaɓa kuwa, ragin gaskiya ne, amma aji kawai suke lamunce miki, ba wuri ba. Lambar ɗakin kan fito a makare, kuma yawanci abin da mutane suka bari ne. Ga matashi mai lafiya ba komai. Da dattijuwa mai jiri, ni ba zan yi wannan kasadar ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bar maganar goshin jirgi. Yanzu tsakanin mai taga da mai baranda na tsakiya nake, zan ga abin da bambancin kuɗin ya ce. Saura abu ɗaya: banɗakin fa? Mama ba ta iya ɗaga ƙafa sosai.

Wanda ya yi aiki a jirgi:
Tambaya mai kyau. Banɗakin ɗaki na yau da kullum ƙarami ne kuma yana da dokin ƙofa mai ɗan tudu, haka ma ƙofar baranda. Akwai ɗakunan da aka tanada don masu larura, da faffaɗar ƙofa, da shawa marar tudu, da ƙarafunan riƙewa, da kujerar wanka. Kaɗan ne a kowane jirgi kuma suna ƙarewa da wuri, wasu kamfanonin ma sai an cike takardar bayanin larurar. In Mama na takawa da kanta, kina iya kama ɗaki na yau da kullum ki roƙi kujerar wanka tun kafin tafiya. Ki tabbatar gadaje biyu ne a ƙasa, kada a ba ku mai gadon sama da ake hawa da tsani. Ki kuma sanar da su yanayinta a rubuce, domin a lokacin gaggawa ba a amfani da lif, kuma akwai ma'aikatan da ake ware wa taimaka wa irinta zuwa wurin taruwa.