Na rubuta wa mahaifiyata marsiyya, masu karatu sun ɗauka waƙar soyayya ce

Assalamu alaikum. Abin nan ya ishe ni, ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna rubuta waƙa.

Na rubuta marsiyya ga mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, baiti goma sha biyu, ƙwar biyar (wato layi biyar a kowane baiti), babban amsa-amonta (sautin da ke rufe kowane baiti) "na". Ban ambaci mutuwa a fili ba. Na yi maganar fitilar ɗakinta da ta daina ci, da tabarmar da aka naɗe, ina kiranta da "ke" daga farko har ƙarshe. Da na sa waƙar a intanet, kusan kowa ya ɗauka budurwa ce ta guje ni. Wani har ya ce in yi haƙuri, mata suna da yawa. Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai.

Na sauya take, na sa kalmar ta'aziyya. Sai aka koma yi mini gaisuwar rasuwa kawai, ba wanda ya taɓa baitocin. Na cire, na saka "kabari" a ɗango (layi) na uku na baitin farko, sai karin waƙar, wato ma'auninta, ya karye, ɗangon ya yi nauyi a baki. Na gwada ɗan bayani a sama, shi kuma ya kashe waƙar tun kafin a fara ta.

Ta yaya zan dasa alama a cikin baitin farko da za ta nuna uwa nake wa kuka, ba tare da na faɗa kai tsaye ba?