Na koma aski da reza guda mai baki biyu, amma wuyana yana raɗaɗi

Mai tambaya, Tudun Wada, Gombe:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna amfani da abin askin nan na ƙarfe, wanda ake kwance kansa a ɗora masa reza guda mai baki biyu. Kwanan nan na sayi ɗaya, domin na roba mai reza uku da nake saya a kanti yana fito mini da ƙuraje a ƙarƙashin haɓa, ga shi kuma kuɗinsa kullum ƙaruwa yake yi. Abin da na fara lura da shi shi ne nauyinsa a hannu, sai kuma ƙarar yankan gashi da kunne ke ji sarai. A kumatu na sami askin da ban taɓa samun irinsa ba, fata ta yi sumul, gashi kuma ba ya toshe shi, da na tsoma shi a ruwa sai ya wanke tas. Wuya ne ya gagare ni, domin bayan na gama yakan yi ta raɗaɗi har azahar, wani lokaci in ga ɗigon jini kusa da maƙogwaro. Ina barin gemuna, saje da wuya kawai nake gyarawa. Shin laifin rezar ne, ko na mariƙin, ko kuwa fatata ce ba ta jurewa?

Dattijo, Yelwa, Bauchi:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kayanka lafiya lau suke, hannunka ne bai saba ba tukuna. Na roba yana da kai mai lanƙwasa wanda ke bin fuska da kansa, kuma ba ya da nauyi, shi ya sa duk wanda ya saba da shi yakan danna ba tare da ya sani ba. Wannan na ƙarfen ba ya son danni ko kaɗan. Ka riƙe shi da yatsu uku can wajen ƙarshen mariƙi, ka bar nauyinsa ya yi aikin. Ka ɗora bayan kansa a kan fata, sannan ka riƙa sauko da mariƙin sannu a hankali har ka ji reza ta fara kama gashi, to a nan za ka tsaya, wato wajen digiri 30 ke nan. Ja gajere-gajere, kada ka yi dogon ja daga kunne zuwa haɓa.

Sai batun kwanciyar gashi, wanda a ganina shi ne tushen damuwarka. Gashin kumatu yawanci ƙasa yake kallo, amma na wuya kowa da irin nasa, wani sama yake yi, wani gefe, wani ma juyawa yake yi kusa da maƙogwaro. Ka bar shi ya ɗan tofo, ka shafa da yatsa ka gane inda ya kwanta, ka bi shi ta nan kawai. Idan ka zo maƙogwaro, ka ja fatar gefe da hannu ɗaya ka aske ta a inda babu tudu. Wannan abin askin na ƙarfe ba sabo ba ne, tun 1904 King Gillette ya sami rajistar ƙirƙirarsa a Amurka, kuma da shi muka tashi muka ga ma'aikata da sojoji suna aski.

Mai shagon aski, Wunti, Bauchi:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ni ba zan wanke rezar daga laifi gaba ɗaya ba. Reza ba ɗaya ba ce. Feather ta Japan kaifinta ya yi wa ɗan koyo yawa, Derby ta Turkiyya ta fi sauƙin hali, Astra kuma tana tsakani. Ka sayi iri biyu ka gwada, kuma da ka ji ta fara jan gashi maimakon yankewa, ka sauya ta. Kada kuma ka raina jiƙa gashi: ka yi askin bayan wanka da ruwan ɗumi, ka buga kumfa mai kauri, kada reza ta taɓa inda babu kumfa. Idan ruwan rijiyar burtsatse ne da ku kuma sabulu ba ya kumfa da shi sosai, ka nemi man aski na kwali. In ka gama, ka wanke da ruwan sanyi, ka jiƙa alif ɗin da ake tace ruwa da shi ka goga, zai tsayar da jinin, kuma duk inda ya yi maka zafi, alama ce ta cewa ka danna rezar a wurin. Lokacin hunturu ka bi da ɗan man kaɗanya.

Ma'aikacin lafiya, Pantami, Gombe:

Malam, ƙurajen da ka ambata suna da dalili. Gashinmu murɗaɗɗe ne, idan aka yanke shi ƙasa da fata sai ya lanƙwasa ya soki fatar yayin da yake tofowa, wurin ya kumbura. Mai reza da yawa yana jawo gashi sama kafin ya yanke, shi ya sa ya fi haddasa wannan. Reza guda za ta rage maka, amma da sharaɗin kada ka nemi wuya ya yi sumul kamar kumatu, bi ɗaya ya isa. Ka dakata da aski har raɗaɗin ya lafa. Ina kuma roƙonka kada ka ara wa kowa, ko da ɗan'uwanka ne, domin ciwon hanta nau'in B yana yaɗuwa ta jinin da ido ba ya gani a bakin reza. Tsofaffin rezoji kuma ka riƙa zuba su a gwangwani mai murfi saboda yara.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, bayan an gama ana kwance shi a cire rezar, ko a bar ta a ciki?

Dattijo:

Ba sai ka cire ta ba, ka sassauta mariƙin ka ɗauraye, ka karkaɗe ruwan, ka ajiye shi a inda iska ke shiga, ba a cikin banɗaki ba. Kada ka goge bakin rezar da tsumma, domin hakan yana dakushe ta, kuma yatsa yake yankewa.