Neman shawara kan buɗe ajin share fagen firamare ga 'ya'yan marasa ƙarfi

Sakataren Ƙungiya, Zariya, ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina rubutu ne a madadin ƙungiyar ci gaban unguwarmu, wadda ta ƙunshi 'yan kasuwa da malaman makaranta da wasu dattawa da suka yi ritaya. Mun daɗe muna lura cewa yaran da iyayensu ke iya biyan kuɗin nazare suna shiga aji ɗaya na firamare sun riga sun iya riƙon fensir da ƙirge da zaman aji, alhali 'ya'yan 'yan dako da masu wankau da zawarawa suna zuwa ba su taɓa ganin littafi a hannunsu ba, kuma wannan tazara ba ta cika rufewa daga baya. Saboda haka muke son buɗe aji biyu ga yara 'yan shekara 3 zuwa 5, ba don neman riba ba. Sai dai kanmu ya rabu. Wasu sun ce a yi shi kyauta tsantsa tunda don talakawa aka yi niyya, wasu kuma sun ce a riƙa karɓar ɗan abin da ya sawwaƙa domin kada aikin ya tsaya. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su ba mu haske kan wannan, da kuma abin da ya kamata mu fara tanada.

Tsohuwar Hedimistires ta amsa:

Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, Allah ya saka muku da alheri. Kafin ku yanke hukunci kan kyauta ko biya, ku zauna ku lissafa albashin malamai na shekara guda cur, domin a nan ne irin waɗannan makarantu suke mutuwa. Gini da tabarmi da allo ana samun mai bayarwa sau ɗaya, a yi bikin buɗewa a watse, amma albashi kowane ƙarshen wata yake dawowa, kuma mai kuɗin da ya yi alkawari a gaban jama'a ba lallai ne ya tuna ba bayan wata shida. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne. Na san ƙananan makarantu da yawa suna biyan abin da bai kai rabin wannan ba, shi ya sa malama ba ta shekara a wuri ɗaya, kuma yaro ɗan shekara huɗu ba ya koyo a hannun wadda bai saba da ita ba.

Ra'ayina shi ne a karɓi ɗan kuɗi kaɗan daga masu iyawa, a yafe wa marayu da waɗanda mai unguwa da liman suka shaida halin da suke ciki, kuma a yi yafewar a asirce domin kada a kunyata kowa. Kada aji ya wuce yara 25 ga malama ɗaya, ko da iyaye sun yi ta roƙo. Sannan kada ku manta cewa akwai haƙƙin da ke kan gwamnati. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ilimin ƙananan yara cikin aikin hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, da takwarorinta na jihohi, wato SUBEB, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin firamare. Ku je wurin sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku tun da wuri, ku nemi manhaja, ku kuma nemi a riƙa gayyatar malamanku idan ana horaswa.

Almajirin Ilimi, Sakkwato, ya amsa:

Abin da Hajiya ta faɗa game da albashi gaskiya ne, kuma akwai waɗanda suka riga mu fuskantar wannan matsala a Gabashin Afirka. A 1986 Gidauniyar Aga Khan ta fara wani shiri tare da al'ummar Musulmi a Mombasa ta ƙasar Kenya, bayan shugabannin al'ummar sun koka cewa 'ya'yansu suna shiga firamare a baya kuma ba sa yin nisa. Abin da suka lura da shi shi ne ɗakunan madarasa suna zama fayau da safe, domin sai da rana ake karatun Alƙur'ani. Sai aka mai da waɗannan ɗakuna ajin ƙananan yara, aka horas da matan unguwar su zama malamai, aka haɗa tarbiyyar addini da wasa da ƙirge da sanin haruffa, kuma kwamitin unguwa ne ke mallakar makarantar yana tafiyar da ita. Shirin ya isa Zanzibar a 1990, ya isa Yuganda a 1993. A can ma iyaye suna biyan ɗan kuɗi, kuma an yi ƙoƙarin kafa wa makarantun asusun ajiya wanda ribarsa za ta riƙa tallafa wa albashi.

Ina ganin wannan ya dace da mu sosai, tunda yawancin Islamiyyoyinmu na yamma ne ko na Asabar da Lahadi. Maimakon ku kashe abin da kuka tara wajen gini, ku nemi yardar kwamitin wata Islamiyya, ku gyara banɗaki, ku tanadi ruwan sha. Kuɗin ginin kuwa a sayi shago ko biyu a yi waƙafi da su, kuɗin hayar ya riƙa tafiya ga albashi. Na ambaci waƙafi ne da gangan, domin zakka tana da nau'in mutane takwas da aka ƙayyade a ba su a aya ta 60 cikin Suratut Tauba, kuma malamai sun yi saɓani kan sanya ta a gini ko gudanar da makaranta, don haka ku tambayi malamanku kafin ku taɓa ta. Haka nan ku yi wa ƙungiyar rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, wato CAC, domin dukiyar ta zauna da sunan ƙungiya, kada magada su taso da rigima idan wani ya rasu.

Maman Zango, Tamale, ta amsa:

Ina neman afuwar Hajiya, amma ban gamsu da batun karɓar kuɗi ba. Matar da ke tura 'yarta talla kafin a ɗora tukunya, ko naira nawa aka ce ta kawo, za ta ajiye yaron a gida ne, kuma kunya ba za ta bar ta ta je neman yafewa ba. A ƙarshe sai ajin ya cika da 'ya'yan masu ɗan hali, waɗanda aka yi dominsu kuma suna waje. A nan arewacin Gana akwai ƙungiyar Lively Minds, wadda ke horas da iyaye mata, da yawansu ba su yi boko ba, su riƙa zuwa ajin ƙananan yara bi da bi suna jagorantar wasannin koyo a ƙananan rukunoni, kuma hukumar ilimi ta Gana ta karɓi tsarin a makarantunta. Idan dole ne iyaye su ba da wani abu, to a bar uwa ta zaɓa tsakanin kuɗi da zuwa taimakon malama ko dama kunun yara sau ɗaya a mako. Wannan ma biya ne, kuma yana sa abin da ake koya a aji ya bi uwar zuwa gida.

Malamin Kwalejin Ilimi ya amsa:

Ni abin da nake tsoro ya bambanta da na sauran 'yan'uwa. Iyaye da yawa suna auna nazare ne da yawan Turancin da yaro ya haddace da yawan aikin gida da aka ba shi, kuma makarantun kuɗi sun biye musu, har ka ga ɗan shekara uku yana kwafar haruffa daga allo yana kuka. Idan kuka kwaikwayi wannan da ƙarancin kuɗi, za ku sami mummunan kwafin abin da dama ba shi da kyau.

Binciken da aka fi ambata a wannan fage shi ne na makarantar Perry a garin Ipsilanti na jihar Mishigan a Amurka, wanda aka fara a 1962 da yara 123 'ya'yan baƙaƙen fata matalauta, aka sanya 58 a shirin, sauran aka bar su domin kwatantawa, aka kuma bi rayuwarsu har suka haura shekara 40. Fifikon da suka nuna a gwajin ƙwaƙwalwa ya dushe bayan 'yan shekaru, amma waɗanda suka shiga shirin sun fi kammala sakandare, sun fi samun kuɗin shiga, kuma an fi ƙarancin kama su da laifi. Abin lura shi ne karatun awa biyu da rabi ne kawai a rana, malama ɗaya tana da yara biyar ko shida, kuma tana ziyartar gidan kowane yaro duk mako. Ba za ku iya wannan adadi ba, amma za ku iya gajarta lokaci, ku koyar da Hausa ta hanyar tatsuniya da waƙa da kacici-kacici da ƙirge da marafan kwalba, ku kuma sa malama ta san gidan kowane yaro. Ku duba katin rigakafi lokacin ɗaukar yara, kuma ku sa kunu ko ƙosai cikin kasafi tun farko, domin da yawa daga cikinsu za su zo ba su karya ba.

Sakataren Ƙungiya, Zariya, ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Zan gabatar wa kwamiti shawarar fara aji ɗaya kawai a ɗakin Islamiyya, da kuma zaɓin da Maman Zango ta kawo na biya da kuɗi ko da aiki. Hajiya, saura tambaya ɗaya a gare ki: idan muka sami mace 'yar unguwa mai haƙuri da yara amma takardar sakandare kawai take da ita, da kuma mai takardar shaidar malanta ta NCE da za ta riƙa zuwa daga nesa, wacce kike ganin ya fi dacewa mu fara ɗauka?