Inji ɗaya ne matsalar, ko duhun teku?

Baban Hafsa: Ni dai ina nan kan bakana. Duk ƙaramin jirgin sama mai inji ɗaya a hana shi zuwa tsibiri. A tudu in inji ya mutu, ka samu fili ko titi ka lallaɓa ka sauka. A teku fa? Ruwa gaba, ruwa baya.

Injiniya: Yallaɓai, hatsarin da aka fi sani bai goyi bayanka ba. Ranar 16 ga Yulin 1999 John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, ya faɗa teku dab da tsibirin Martha's Vineyard a Amurka, cikin jirgi ƙirar Piper Saratoga, shi da matarsa da yayarta. Masu bincike ba su sami matsala a injin ba. Dare ne, ga hazo, sama da ruwa sun haɗe. Shi kuma bai riga ya samu izinin tuƙi da na'urori zalla ba, wato tuƙi ba tare da ganin waje ba.

Maman Yusra: To ba ya jin jirgin ya karkata ne?

Injiniya: Nan abin tsoron yake, Hajiya. Ruwan da ke can cikin kunne shi ke sanar da mutum ya karkata. In karkatar ta zo a hankali kuma ta jima, sai ruwan ya lafa, jiki ya ce lafiya ƙalau, alhali fiffike ɗaya ya yi ƙasa. Matuƙi ya ga yana gangarawa, ya ja hancin jirgin zuwa sama, sai juyin da jirgin ke yi ya ƙara matsewa. Ko inji huɗu gare shi, ruwa zai faɗa.

Baban Hafsa: To ɗan ƙwallon nan Emiliano Sala fa? 21 ga Janairun 2019, daga Nantes ta Faransa zuwa Cardiff ta Birtaniya, jirgin da ya ɗauko shi ya faɗa teku kusa da tsibirin Alderney. An sami gubar hayaƙin inji mai yawa a jininsa. Wannan ma kunne ne?

Injiniya: Wannan kam na ba ka, jirgin na da laifi. Amma hayaƙi ya shigo inda mutane suke, maganar gyara ce. Kuma matuƙin ba shi da izinin tashi da dare, ba shi da na ɗaukar fasinja don kuɗi. Wanda ya shirya tafiyar, David Henderson, ɗaurin wata 18 aka yanke masa a 2021.

Ɗalibin tuƙi: Iyayena, ku ba ni dama. Ranar da na fara sauka a tsibiri da dare, fitilun titin jirgi kawai nake gani, kamar an rataye su cikin baƙin rami. Idona ya ce na yi sama da yawa, na fara sassautowa. Malamina ya buga yatsa a kan agogon tsayi. Ashe ƙasa na yi sosai, ruwa na nan kusa ban gan shi ba. Har yau in na tuna sai tafin hannuna ya yi gumi.

Baban Hafsa: Allah Ya kiyaye, ɗana. To a hana tashin dare ga wanda bai ƙware ba, na yarda. Amma ranar da injin nan ɗaya ya tsaya da rana tsaka, kilomita talatin daga gaɓa, Injiniya, ina za ka sauke mu?